Ƙarfen Da Direbobinmu Ke Kwancewa: Tarihin Sitabilaiza Daga 1919 Zuwa Hanyar Goronyo

Yau ba maganar waya za mu yi ba, ƙarƙashin mota za mu leƙa. Abin da ya jawo shi ne, makon jiya wani direban Hilux ya kawo min wayarshi ta daina caji, yana zaune a benci yana jira sai hira ta kai mu ga motarshi. Ya ce tun da ya sa bakanike ya kwance mishi sitabilaiza, motar ta yi laushi kamar katifa, ko ya shiga fadama ɗaukar albasa bayanshi ba ya ciwo. Na ce to a kan kwalta fa? Ya yi dariya ya ce in ya sha kwana da kaya sai ya ji kamar motar za ta yi sujada, amma ya saba. Wannan "na saba" ɗin ne ya tsaya min a rai, don ni ma ina hawa irin motocin nan, kai ma kana hawa.

In ka duƙa gaban mota za ka ga wani ƙarfe mai kaurin sandar makiyayi ya ratsa daga dama zuwa hagu, bakinshi biyu sun lanƙwashe. An ɗaure tsakiyarshi a jikin shasi da roba guda biyu, wato bushin, kowane baki kuma an haɗa shi da ƙafar taya ta hanyar wani ɗan guntun ƙarfe da kanikawa ke kira linkej. Idan tayoyin biyu suka hau abu ɗaya lokaci guda, kamar tudun rage gudu, ƙarfen juyawa kawai yake cikin robarshi, ba ruwanshi. Amma idan taya ɗaya ta hau ɗayar ta sauka, sai ƙarfen ya murɗe, yana ƙoƙarin dawo da su daidai. A kwana wannan alheri ne, don shi ke hana jikin motar kwantawa gefe. A hanya mai ramuka kuwa shi ne ke sa kanka yana kaɗawa dama da hagu. Ke nan direban nan bai yi ƙarya ba, laushin da ya ji gaskiya ne.

Wanda ya fara yin rajistar wannan fasaha wani mutumin Kanada ne, Stephen Coleman, daga garin Fredericton, ranar 22 ga Afrilu 1919. Amma shekaru da dama masu ƙera mota ba su damu da ita ba. Motocin wancan zamani sifirin ɗinsu na falle-falle ne mai tauri, irin wanda kake gani a bayan a-kori-kura, kuma shi kanshi yana riƙe jikin mota. Ga shi ba a gudu sosai. Sai a shekarun 1950, da kamfanoni suka koma sifirin mai naɗi don fasinja ya ji daɗi, matsala ta fito: mota ta yi laushi amma tana kwanciya a kwana. Daga nan sitabilaiza ya shiga kusan kowace ƙaramar mota. Ka lura da wannan, don shi ne gindin maganar. Laushi ne ya haifi ƙarfen nan. An sa shi ne domin a samu damar yin sifirin mai laushi ba tare da mota ta kife ba.

Akwai motar da ta koya wa duniya darasi a kai. Chevrolet Corvair, wadda ta fito a Amurka a ƙarshen 1959 a matsayin samfurin 1960, injinta a baya yake, kuma don rage kuɗi kamfanin bai sa mata sitabilaiza a gaba ba. Suka dogara da cewa mai mota zai riƙa sa wa tayoyin gaba iska kaɗan, na baya da yawa. To wa ke bin wannan ƙa'ida? Mai faci dai bugawa yake. Aka yi ta ƙorafin bayan motar yana zamewa a kwana, ƙararraki suka taru a kotu, har wani lauya mai suna Ralph Nader ya buɗe littafinshi na 1965, Unsafe at Any Speed, da labarinta. A samfurin 1964 kamfanin ya riga ya mayar da ƙarfen cikin kowace Corvair. Don adalci, wani binciken gwamnatin Amurka a 1972 ya ce motar ba ta fi sauran ƙananan motocin zamaninta haɗari ba, sai dai kafin nan an daina ƙera ta tun 1969.

Motocin daji kuwa hanyarsu daban ce, kuma a nan ne masu kwancewa ke da hujja. Land Rover ta farko, ta 1948, wadda irinta ta zama motar jami'an gwamnati da na asibiti da malaman gona a ƙauyukan Arewa, sifirin falle-falle gare ta gaba da baya, tauri kamar amalanke. Da kamfanin ya fito da Range Rover a 1970 sai ya sa mata sifirin mai naɗi mai dogon motsi, kuma da gangan ya ƙi sa sitabilaiza. Dalili? A daji abin da ake so shi ne kowace taya ta taɓa ƙasa. In taya ɗaya ta faɗa kwazazzabo, ana so ta sauka ta same shi, ɗayar kuma ta hau tudu ba tare da ta ɗaga 'yar uwarta ba. Idan ƙarfen ya hana, sai taya ta rataye a sama tana juyawa a banza, ƙarfin inji ya tafi can, mota ta tsaya. Duk wanda ya taɓa tura mota a yashin bakin gulbin Rima ya ga wannan da idonshi. Range Rover ta yi kusan shekara 20 a haka, tana kwanciya a kwana kamar kwale-kwale, sai a farkon shekarun 1990 suka sa mata ƙarfen. Abin da ya canza shi ne masu sayenta, sun bar gona sun hau babbar hanya suna gudu.

Mu a nan kuma tarihinmu da Fijo ya fi tsawo. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 504 da a-kori-kura 404 su suka riƙe hanyoyin Sakkwato shekara da shekaru. Tambayi duk tsohon direba, zai ce maka ba a yi motar da ke shanye gargada kamar 504 ba. To ita ma tana da sitabilaiza a gaba. Laushinta daga dogon motsin ƙafarta da shok ɗinta ya zo. Ni a ganina wannan shi ne abin da direbobin yanzu suka manta, suna neman laushin 504 a wurin da ba nan yake ba.

Da motoci masu tsayi suka yawaita a kan kwalta, sai labarin kifewa ya biyo baya. A 1988 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ce Suzuki Samurai tana saurin kifewa, cinikinta ya faɗi warwas, rigimar ta kai kotu. A ƙasar Suwidin akwai gwajin da mujallar Teknikens Värld ke yi, a kauce wa abu da sauri a dawo layi, kamar dabba ta faɗo hanya. A 1997 sabuwar Mercedes A-Class ta kife a wannan gwaji. A 2016 Hilux kanta ta ɗaga tayoyi biyu sama saura ƙiris ta kife, kuma fa da sitabilaizarta a ɗaure. Yanzu ɗauki wannan gwaji ka kawo shi tsakanin Achida da Wurno, ka sa jaki ko ɗan kabu-kabu a madadin dabbar dajin Suwidin, ka ɗora buhunan albasa har sun wuce rufi, mutum goma a sama, sannan ka cire ƙarfen.

Akwai kuma abin da direban bai sani ba, ni ma sai da na bincika na gane. Yawancin Hilux a gaba kawai take da sitabilaiza, bayan sifirin falle-falle ne mai tauri. In ka cire na gaba, nauyin riƙe mota a kwana sai ya koma kan tayoyin baya, su ne za su fara sakin ƙasa. Ma'ana gindin motar ne zai wulwulo. Idan gaba ne ya zame, ɗaga ƙafa daga totur yakan isa. Idan baya ne, sai gwani, gwanin ma sai da sa'a. Kuma kowa ya san halin da yankinmu ke ciki na tsaro, direba ba ya son yamma ta yi mishi a hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, dole ya taka. Wato gudun da ƙarfen nan ya fi amfani a cikinshi, shi ne gudun da ake yi kullum.

Kamfanonin da kansu sun yarda cewa a daji ƙarfen yana takura. Amma dubi yadda suka warware. Nissan Patrol da ta fito a 1987, wasu samfuranta suna da abin da direba zai saki sitabilaizar baya daga inda yake zaune, in ya fito daji ya mayar. Jeep Wrangler Rubicon ta 2007 ta zo da maɓalli na lantarki mai raba ƙarfen gaba biyu, amma da sharaɗi: da zarar gudu ya wuce kusan kilomita 29 a awa, motar da kanta take sake haɗa shi. Toyota kuma ta karɓi wata fasaha daga kamfanin Kinetic na Ostireliya, ana kiranta KDSS, mai aiki da matsin mai a cikin bututu. Ta fara sa ta a Lexus GX 470 a 2004, daga baya Land Cruiser 200 da Prado. A kwana tsarin yana ƙulle ƙarfen, a kwazazzabo yana sakinshi, direba bai taɓa komai ba. Babu ɗaya cikinsu da ya ce a cire a jefar. Kilomita 29 ɗin nan na Jeep shi ya fi burge ni, don mai Boxer ma ya fi haka gudu cikin gari.

Abin ya tuna min da aikinmu. Wani lokaci waya ta ƙi caji, mai gyara ya yi jamfa ya tsallake abin da ke kare batir, caji ya kama, kwastoma ya tafi yana sa albarka. Wata biyu batir ya kumbura ya ɗaga sikirin. Bambancin shi ne waya dubu nawa ce, mota kuma rayuka take ɗauke da su.

Da yawa ma ba don laushi suka cire ba. Linkej ne ya lalace yana ƙwanƙwasa, kwas-kwas a kowane rami, bakanike ya ce kuɗin sabo kaza, direba ya ce kwance shi kawai. Alhali linkej da bushin suna cikin kayan ƙafa mafi araha. In motarka na dukan baya, fara duba iskar taya, don masu faci sukan cika ta fiye da abin da aka rubuta a takardar da ke manne jikin ƙofar direba, kuma a burji ko yashi rage iska kaɗan yana kawo sauƙi sosai, in ka hau kwalta ka mayar. Sai shok, wanda in ya mutu mota ke ta tsalle bayan ta wuce rami. Sai sifirin baya, don wasu suna ƙara falle saboda lodi, in motar ba kaya kuma ta zama dutse.

Wanda aikinshi cikin fadama ne zalla, daga gona zuwa bakin hanya a giya ta ɗaya da ta biyu, yana iya kwance linkej ɗin ya ɗaure bakin ƙarfen sama da kyau, yadda ba zai taɓa taya ko tiyon birki ba, in zai hau kwalta ya ɗaure abinshi. Aikin sifana ne na 'yan mintuna. Haka na gaya wa mai Hilux da na miƙa mishi wayarshi. Ya ce ƙarfen na nan jingine a garejin bakanikenshi, in dai ba a sayar wa 'yan gwangwan ba.