Tarihin Kwamfuta Cikin Kwamfuta

Dabarar gudanar da tsarin aikin kwamfuta cikin wani tsarin ta samo asali daga kamfanin IBM na Amurka. A 1967 injiniyoyinsa suka fito da CP-40, wanda ke rarraba babbar kwamfuta guda gida-gida, kowane mai aiki ya ga kamar tasa ce shi kaɗai. VM/370 ya biyo baya a 1972.

Fasahar ta iso ƙananan kwamfutoci a 1999 da fitowar VMware Workstation, sannan makamancinsa VirtualBox ya zama kyauta a 2007. Daga nan mai Windows zai ware wani kaso na ma'adanar kwamfutarsa, ya ɗora tsarin Linux, ya buɗe shi cikin taga ɗaya. In bai gamsu ba ya goge, ainihin tsarin na nan daram.

Game da samun tsarin aikin kwamfuta kuwa, a Sudan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba daga 1997 zuwa 2017 ya wahalar da sayen manhajojin kamfanoninta ta halal. Shi kuwa Linux ba ya bukatar lasisin kuɗi.