Ƙananan karnuka: Ciyar da kwikwiyo da matsalar ƙiba

Likitocin dabbobi a ƙasashen Turai da Amurka sun daɗe suna kokawa game da yadda ƙiba ta zama ruwan dare a tsakanin karnukan da ake ajiyewa a gida. Wani bincike da ƙungiyar yaƙi da ƙibar dabbobin gida ta Amurka ta gudanar a shekarar 2022 ya nuna cewa kashi 59 cikin 100 na karnukan da likitoci suka duba a ƙasar, nauyinsu ya wuce kima.

Lamarin yana da wuyar sha'ani a wajen ƙananan karnuka, domin hatsari iri biyu ne ke tattare da ciyar da su. Yayin da suke 'yan kwikwiyo, yunwar sa'o'i kaɗan tana iya jefa su cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai. Da zarar sun girma kuma, ɗan ƙarin abincin da bai taka kara ya karya ba ya isa ya tara musu kitsen da zai gajarta rayuwarsu.

Waɗanne ne ƙananan karnuka?

Hukumar FCI, wadda aka kafa a shekarar 1911 take kuma da mazauni a garin Thuin na ƙasar Beljiyam, ta amince da nau'o'in karnuka sama da 350. Waɗanda nauyinsu ba ya wuce kilo 10 bayan sun gama girma, su ake kira ƙanana.

Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne Chihuahua, wanda ya samo sunansa daga wata jiha ta ƙasar Meziko, kuma galibi ba ya wuce kilo 3. Akwai Yorkshire terrier na arewacin Ingila mai kimanin kilo 3, da Pomeranian wanda sunansa ya fito daga wani yanki da ke tsakanin Jamus da Poland, wanda kuma ya yi farin jini bayan da Sarauniya Victoria ta shiga kiwonsa a ƙarshen ƙarni na 19. Sai kuma Lhasa Apso na yankin Tibet mai kilo 6 zuwa 8, wanda tun asali ake ajiyewa domin ya ankarar da mutanen gida idan baƙo ya shigo.

A shekarar 2007 mujallar kimiyya ta Science ta wallafa sakamakon wani bincike ƙarƙashin jagorancin Elaine Ostrander ta cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, wanda ya gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado da ake kira IGF1 na daga cikin manyan dalilan ƙanƙantar waɗannan karnuka.

Dalilin da ya sa cinsu ya bambanta

Tun a shekarar 1932 masanin nan Max Kleiber ya nuna cewa ƙaramar dabba ta fi babba ƙona abinci idan aka yi lissafi bisa kowane kilo na jikinta. A bisa ma'aunin da likitocin dabbobi ke amfani da shi, kare mai kilo 2 yana buƙatar kalori kusan 118 a rana ko da kwance yake, wato kalori 59 ga kowane kilo. Kare mai kilo 40 kuwa yana buƙatar kalori kimanin 1,110, wato kusan 28 ga kowane kilo. Ke nan buƙatar ƙaramin ta ninka ta babban, alhali cikinsa ba ya ɗaukar abinci mai yawa a lokaci guda.

Bugu da ƙari, ƙananan karnuka suna saurin girma. Akasarinsu suna kai cikakken nauyinsu tsakanin wata 8 zuwa 12, yayin da manya-manyan karnuka kan ɗauki wata 18 zuwa 24. Saboda haka duk kuskuren da aka yi wajen ciyarwa a 'yan watannin farko, ba a cika samun lokacin gyara shi ba.

Daga haihuwa zuwa yaye

Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63. Abu mafi muhimmanci ga kwikwiyo a ranar farko shi ne dakashi, wato nonon farko na uwa, wanda ke ɗauke da sinadaran kariya daga cututtuka. Hanjin kwikwiyo yana iya tsotse waɗannan sinadarai ne kawai a cikin sa'o'i 24 na farko.

Ana fara gabatar masa da abinci mai laushi da aka jiƙa da ruwan ɗumi a mako na 3 zuwa na 4, a kuma kammala yaye tsakanin mako na 6 da na 8. A Ingila doka ta haramta sayar da kwikwiyon da bai kai mako 8 ba.

Idan uwa ta mutu ko nononta ya gaza, ana amfani da madarar da aka haɗa musamman domin 'yan kwikwiyo. Madarar shanu ba ta maye gurbin nonon karya, domin ta fi shi yawan sukarin madara, ta kuma gaza shi maiƙo da furotin, wato sinadarin gina jiki. Sau da yawa takan haddasa gudawa, wadda ke saurin ƙarar da ruwan jikin ƙaramar dabba.

Sau nawa ake ba shi abinci?

Hantar ƙaramin kwikwiyo ba ta iya adana sukari mai yawa. Idan ya daɗe bai ci ba, ko sanyi ya kama shi, ko ya yi doguwar tafiya, sukarin jininsa yana iya faɗuwa farat ɗaya. Alamomin sun haɗa da kasala, da makyarkyata, da tangaɗi, daga bisani kuma shiɗewa da suma. Taimakon gaggawa shi ne a shafa masa ɗan zuma ko ruwan sukari a dasashi, ba tare da an ɗura masa a maƙogwaro ba, sannan a garzaya da shi wurin likita.

Domin kauce wa haka, likitoci suna ba da shawarar a raba abincin yini gida huɗu har kwikwiyo ya kai wata 4, sai gida uku har zuwa wata 6, daga nan a koma sau biyu a rana.

Dangane da yawan abincin, kwikwiyon da bai kai wata 4 ba yana buƙatar kusan ninki uku na abin da jikinsa ke ƙonawa a lokacin hutu, bayan haka kuma ninki biyu har ya gama girma. Alal misali, kwikwiyo ɗan wata 3 mai nauyin kilo ɗaya yana buƙatar kalori kimanin 210 a rana. Idan busasshen abincin da ake ba shi yana da kalori 400 a kowane giram 100, rabonsa na yini bai wuce giram 52 ba, wato giram 13 a kowane ci. Wannan lissafi mafari ne kawai, ana ƙarawa ko a rage gwargwadon yadda jikin dabbar ya nuna.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Liverpool, aka kuma wallafa a shekarar 2011, ya gano cewa masu auna abincin dabbobi da kofi suna iya yin ƙarin da ya kai kashi 80 cikin 100, kuma kuskuren ya fi yawa idan abincin kaɗan ne. Dalili ke nan da ya sa ake son a riƙa aunawa da ƙaramin sikeli.

Abin da ya kamata abincin ya ƙunsa

Ƙungiyar AAFCO, wadda ke tsara ƙa'idojin abincin dabbobi a Amurka, ta ƙayyade cewa abincin kwikwiyo ya ƙunshi aƙalla kashi 22.5 cikin 100 na furotin da kashi 8.5 na maiƙo, idan aka cire ruwan da ke cikinsa. Na babban kare kuwa kashi 18 ne da kashi 5.5. Ana kuma son sinadaran kalsiyam da fosfaras, waɗanda ke gina ƙashi, su kasance kusan daidai da juna, kalsiyam ya ɗan fi.

A nan ne masu haɗa abinci a gida suka fi yin kuskure. Tuwo ko shinkafa zalla ba su da isasshen furotin. Tsokar nama zalla kuma tana da fosfaras mai yawa amma kalsiyam kaɗan, har jikin kwikwiyo ya koma zuƙe kalsiyam daga ƙasusuwansa, su yi laushi, su tanƙware ko su karye. Wanda zai dafa da kansa, ya kamata ya nemi likitan dabbobi ya tsara masa haɗin.

Idan za a sauya abinci, ana yi ne sannu a hankali cikin kimanin mako guda, ana gauraya sabon da tsohon. Ruwa mai tsabta kuma ya kasance a gabansa dare da rana.

Abubuwan da ke zama guba

Wasu abubuwan da mutane ke ci lami lafiya suna iya halaka kare, kuma ƙanƙantar jiki tana sa ɗan kaɗan ya yi illa. Cakulan yana ɗauke da sinadarin tiyobromin da ke rikita bugun zuciya, haka nan kofi da shayi da goro suna da kafin mai irin wannan illa. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, abin da ya sa ragowar miya ba ta dace da kare ba. Inabi da zabibi suna iya lalata ƙoda. Sinadarin zailitol da ake zaƙaƙa wasu nau'o'in cingam da shi yana kayar da sukarin jini, yana kuma taɓa hanta.

Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji. Kazalika masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar aflatoksin. A ƙarshen shekarar 2005 karnuka da dama sun mutu a Amurka bayan cin abincin kamfani da aka haɗa da gurɓatacciyar masara.

Yadda ake gane ƙiba

Likitoci suna amfani da wani ma'auni mai mataki 9 da likitar dabbobi Dorothy Laflamme ta wallafa a shekarar 1997. Mataki na 4 da na 5 su ne daidai, kuma kowane mataki sama da haka yana nufin ƙarin nauyi na kimanin kashi 10 cikin 100.

Mai kare yana iya dubawa da kansa. Idan ya shafa gefen ƙirji, ya kamata ya ji haƙarƙari ba tare da ya danna ba. Idan ya dubi dabbar daga sama, ya ga kwiɓi ya ɗan shiga ciki bayan haƙarƙari. Idan kuma ya duba daga gefe, ya ga ciki ya ɗage sama. A wajen karnuka masu yawan gashi, hannu ya fi ido faɗin gaskiya.

Ana son a riƙa auna kwikwiyo a kai a kai ana rubutawa. Ƙarin rabin kilo a jikin Chihuahua mai kilo 2.5 daidai yake da ƙarin kilo 14 a jikin mutum mai kilo 70.

Babban abin da ke kawo ƙiba shi ne 'yar lomar da ake miƙa wa kare a wajen lokacin cinsa. Ƙa'ida ita ce kada irin wannan ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini. Baligin kare mai kilo 2.5 yana buƙatar kalori kimanin 220 ne a rana, saboda haka dafaffen ƙwai guda ya cinye kusan sulusin rabonsa. Har ila yau, bayan an yi wa kare dandaƙa ko an cire wa karya mahaifa, buƙatarsu ta abinci tana raguwa, don haka dole ne a rage abin da ake zuba musu.

Illar ƙiba

A shekarar 2002 aka wallafa sakamakon wani bincike na shekara 14 da aka yi a Amurka a kan karnuka 48 nau'in Labrador. Rabinsu an ba su abincin da ya gaza na 'yan uwansu da kashi 25 cikin 100. Matsakaicin shekarun da waɗannan suka rayu ya kai 13, sauran kuwa shekara 11 da 'yan watanni.

Wani binciken na Jami'ar Liverpool da cibiyar Waltham, wanda ya fito a shekarar 2019, ya duba bayanan karnuka sama da 50,000 daga nau'o'i 12. A kowane nau'i, masu ƙiba sun riga sauran mutuwa, kuma tazarar ta fi girma a wajen Yorkshire terrier, inda ta kai kimanin shekara biyu da rabi.

Ƙiba tana tsananta matsalolin da dama aka san ƙananan karnuka da su, kamar gocewar ƙoƙon gwiwa, da ciwon gaɓoɓi, da lotsewar bututun numfashi. Karnuka masu gajeren hanci irin su Pug sun fi shan wahalar numfashi, musamman a lokacin zafi.

Baligin karen da ya yi ƙiba ana son ya riƙa rage kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako, ta hanyar auna abinci da tattaki. Kwikwiyon da ke kan girma kuwa ba a horar da shi da yunwa, likita ne zai daidaita masa abincin.

Tsutsar ciki da allurar riga-kafi

Ba kowane kwikwiyo mai ƙaton ciki ne ya ƙoshi ba. Da yawa ana haifarsu da tsutsar ciki da suka ɗauka tun a mahaifa, wadda ke kumbura ciki tana cinye amfanin abincin. Ana fara ba da maganinta tun daga mako na 2, a riƙa maimaitawa bisa umarnin likita. Allurar riga-kafin cututtukan 'yan kwikwiyo tana farawa a mako na 6 zuwa na 8, ta haukar kare kuma a wata na 3.

A ƙasar Hausa an fi sanin kare da gadi da farauta da rakiyar dabbobin kiwo, amma waɗannan ƙa'idoji na yaye da magani da allura sun shafi kowane kwikwiyo, ko wane iri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 99 cikin 100 daga karnuka suke ɗauka. A Najeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu samar da allurar riga-kafin cutar ga karnuka.