Wuri da Teku: Yadda Fataken Salaga Suka Isa Bakin Ruwa

Daga Bolgatanga zuwa bakin teku tafiyar kimanin kilomita 800 ce ta hanyar mota. A zamanin da, mutum yakan tsufa a Bawku ko Yendi har ya mutu bai taɓa ganin ruwan gishiri ba. Duk da haka, abin da yake sayen hatsi da shi, yake biyan sadaki da shi, daga cikin teku ya fito. Wannan abu kuwa shi ne wuri, wanda jam'insa ya zama kalmar kuɗi a bakin Bahaushe.

Asalin farin wurin nan tsibiran Maldif ne, can cikin Tekun Indiya. Tsibirai ne ƙanana wajen 1,200, ba tudu ba dutse, sai farin rairayi da itatuwan kwakwa. Waɗansu ƙananan halittun ruwa ne suka gina duwatsun murjani a hankali cikin dubban shekaru, har ƙasa ta fito bisa ruwa. Duwatsun nan sun kewaye tsibiran kamar ganuwa, suna karya ƙarfin igiyar ruwa, saboda haka ruwan da ke ciki a kwance yake. A nan wuri yake rayuwa, gama shi ma halitta ce mai rai, dangin dodon koɗi. Mutanen tsibiran sukan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa, wuri ya hau ya manne. Sa'an nan su jawo ganyen, su shanya ko su binne a rairayi har naman ya ruɓe, su wanke kwanson ya fito fari tas.

Matafiyin nan na Maroko, Ibn Baɗuɗa, ya sauka a tsibiran a 1343, har aka naɗa shi alƙali. Ya ga yadda ake tara wuri tuli-tuli ana musayarsa da shinkafar Bengal. Bayan shekara goma ya isa Gawo a bakin Kwara, ya iske wurin nan ana ciniki da shi da tsada ƙwarai. Mutum ɗaya ke nan ya ga farkon hanyar da ƙarshenta da idonsa.

Da fari ta hamada wuri yake shigowa a kan raƙuma. Daga baya jiragen Holan da na Ingila suka riƙa kwaso shi, su kai Turai, su sāke loda shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Abin baƙin ciki shi ne, yawancinsa mutane aka saya da shi. Tun tsakiyar ƙarni na 18 Dagomba da Gwanja suna biyan Asante gandu da bayi, Asante kuma ta sayar da da yawa daga cikinsu ga Turawa. Saboda haka 'yan Arewa da yawa da suka taka rairayin Elmina da Kef Kos a ɗaure suka je. Sun ga teku ta ƙofar kurkuku, ba su kuwa komo sun ba da labari ba.

Fatake ba su sami wannan hanya ba. Ayarin Kano, na Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, yakan ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya biyo ta Sansanin Mango da Yendi, ya yada zango a Salaga bayan tafiyar watanni. Suna kawo kanwa, da tufafi, da fatu, da dabbobi, su koma da goro a kan jakuna. Wuri kuwa ƙirga shi ake yi a ƙasa, 20,000 su cika keso ɗaya. Amma sarakunan Asante ba su yarda baƙon Arewa ya wuce kudu ba, domin ribar da ke tsakanin kurmi da teku tasu ce. Madugu yana jin labarin babban ruwan da ba a ganin ƙetarensa, amma iyakarsa Salaga.

A 1874 al'amari ya juya. Sojan Ingila suka ƙone Kumasi a watan Fabrairu. Wani hafsansu, Kyaftin Glover, ya tara Hausawa 'yan bindiga a Akra da Ada, inda Kogin Volta yake shiga teku, ya hau da su ƙasar Asante ta gabas. Da Salaga ta ga ƙarfin Asante ya karye, sai ta yi tawaye. Hanyar kogi ta buɗe. A 1876 wani ɗan kasuwa Bafaranshe, Bonnat, ya hauro Volta har Salaga. A 1877 kuma Theophilus Opoku, ma'aikacin Mishan ta Basel, ya zo ya rubuta abin da ya gani a kasuwar. Yadda na kudu suka hau, haka na Arewa suka gangara.

Gani ya kori ji. Wanda ya bi kwalekwale daga Karaci, ya wuce duwatsun Senchi da Kpong, yakan iske kogi ya buɗe ya rarrabu tsakanin ƙananan tsibirai masu kwakwa kafin ya gamu da teku a Ada. Kusa da nan tafkin Songor yake, inda rana take ƙafar da ruwa ta bar gishiri a shimfiɗe, mata suna kwasa da kwanduna. Gishirin nan shi ne ya hau kogi ya yi gasa da na Daboya a kasuwannin Arewa. A Akra kuwa babu inda babban jirgi zai raɓa gaɓa. Yakan tsaya can nesa, matuƙa su tura jiragen katako cikin igiyar ruwa mai tumbatsa, su kai kaya su komo. Mutumin da ya saba da tsoron 'yan fashi a dajin Bargu, sai ga shi ya danƙa huhun goronsa ga ruwa.

Ruwan kuwa bai ci amanarsa ba. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, tafiyar da jaki yake yi cikin watanni jirgi yana kai ta Legas cikin 'yan kwanaki. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, sai tsohuwar hanyar Gwanja ta rasa dalilinta. Alhassan Ɗantata, wanda ya zama babban attajirin Kano, yana cikin waɗanda suka yi arziki da kai goro Legas ta teku.

Ita Salaga fa? Asante ta hana ta goro domin hukunci, kasuwa ta koma Atebubu da Kintampo. Wuri ma ya faɗi, gama tun wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suke ta zubo wani iri mai araha daga gaɓar Zanzibar, har ya zama jaki ba ya iya ɗaukar kuɗin da zai saye shi in tafiya ta yi nisa. Yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa garin. Malamai da fatake suka watse zuwa Karaci, da Yeji, da garuruwan gaɓa. A Akra, wadda ta zama hedkwata a 1877, zango ya yi ta girma, har Malam Baƙo, ɗan Malam Na'ino, ya kafa Sabon Zango. Kusa da bakin teku a tsohon garin akwai kasuwar da har wa yau ake kira Kasuwar Salaga. Tsohon garin Karaci kuwa ya nutse cikin tafkin da madatsar Akosombo ta haifar, wadda aka gama a 1965.

A shekarar nan ta 1965 Gana ta fito da kuɗinta mai suna sidi, wato wuri ke nan da harshen Akan. A ƙasar Frafra har yanzu ana ɗinka wuri a hulunan ƙaho da ɗamarun masu rawa. Yaran makaranta daga Bolgatanga da Bawku sukan kwana a mota su je Kef Kos, su shiga kurkukun da aka tsare kakanninsu, sa'an nan su fito su tsoma ƙafa cikin ruwan, su komo gida da 'yan kwansuna a aljihu.