Likita Oudney da Sunan Ɗorawa

Duk wanda ya bi hanyar Boɗinga zuwa Shagari ya san ɗorawa. Garinta abin sha ne, kalwarta ita ce daddawa, ɓawonta kuma makuba ce ta daɓen ɗaki. Amma malaman makaranta da ke koyar da sunanta na kimiyya, wato Parkia, ba kowannensu ya san cewa sunan yana da alaƙa da wata tafiya da aka yi zuwa Sakkwato ba.

Jagoran binciken tsirrai na wannan tafiya shi ne Walter Oudney, mutumin Sikotilan, wanda aka haifa a 1790. Ya yi aikin likita a rundunar sojan ruwa ta Ingila, sannan ya sami digirin likitanci a Jami'ar Edinbara a 1817. A wancan zamani ilimin tsirrai reshe ne na karatun likita, domin daga itatuwa ake samun yawancin magunguna. A 1822 ya taso daga Tarabulus tare da Hugh Clapperton da Dixon Denham, suka ƙetare Sahara, suka isa Kukawa wurin Shehu Laminu a watan Fabrairu 1823. Duk inda ayari ya yada zango, Oudney kan tsinki ganye da fure ya busar, ya kuma duba marasa lafiya, alhali shi kansa ciwon ƙirji na cinsa.

A watan Disamba 1823 shi da Clapperton suka nufo ƙasar Hausa. Bai kai ko Kano ba. Ya rasu a Murmur, kusa da Katagum, ranar 12 ga Janairu 1824. Clapperton kaɗai ya iso Sakkwato a watan Maris, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. A ganina nan ne babbar asarar take: masana biyu da kowannensu ke da abin tambayar ɗan'uwansa, ba su haɗu ba.

Tsirran da aka tara, kimanin iri 300, sun isa hannun masani Robert Brown a Landan. Daga cikinsu 16 kacal ne na ƙasar Hausa, abin da ke nuna yadda aikin ya raunana bayan mai shi ya kwanta. A bayanin da Brown ya buga a 1826 ya raɗa wa ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mungo Park wanda ya halaka a Bussa, har ya kawo yadda ake sarrafa kalwa ta zama daddawa. Shi kuwa Oudney, Brown ya sa sunansa a kan wani ɗan tsiron hamada, Oudneya, wanda ba ya fitowa a ƙasarmu.