Tarihin Kalmar "Shall": Daga Bashi Zuwa Doka

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ashe har kalmomi ma ba su tsira ba. A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wata 'yar kalmar Turanci, wato "shall", wadda tun muna firamare aka koya mana cewa ma'anarta "zan" ko "za mu". Wannan fassara ba ƙarya ba ce, amma rabin labari ce, kuma rabin da aka bari shi ne ke kayar da masu fassara a cikinmu.

A tsohon Turanci, wanda aka yi amfani da shi a Ingila daga wajen shekarar 450 zuwa 1100, ana rubuta kalmar "sceal", kuma ma'anarta ta fari ita ce "ana bi na bashi". Har yau a Jamusanci akwai 'yar'uwarta, "Schuld", mai nufin bashi da kuma laifi. Daga nan ba a yi nisa ba ta koma nufin wajibi, domin wanda ake bi dole ne ya biya. Shi kuwa abin da ya zama dole, ai nan gaba za a yi shi, ta haka ne kalmar ta sami aiki na uku, wato nuna lokaci mai zuwa. Ita kuwa abokiyar tafiyarta, "will", daga "so" ko "nufi" ta samo asali. Ke nan Bature ya gina gobensa a kan abubuwa biyu: abin da ya hau kansa, da abin da ransa ke so.

Da kalmomin biyu suka fara shiga gonar juna, sai masana suka tashi raba gardama. A shekarar 1653, John Wallis, wani malamin lissafi a jami'ar Okasfod, ya wallafa nahawun Turanci cikin harshen Latin, inda ya shimfiɗa ƙa'ida. Idan mai magana kansa yake nufi, "shall" labarin gaba kawai take bayarwa, "will" kuwa alkawari ce ko barazana. Idan kuma wani yake nufi, sai abin ya juya. Wannan ƙa'ida ce ta shiga littattafan makaranta har ta iso gare mu, alhali mutanen Sikotland da Ayalan da Amurka ba su taɓa bin ta sau da ƙafa ba. A yau kalmar ta ja baya ƙwarai a hirar yau da kullum, sai dai wajen tayi ko neman shawara.

To amma a fagen shari'a ta yi zamanta daram, kuma a nan ne rigimar take. Lauyoyi sun yi ta cusa ta a dokoki, wani wuri tana nufin "dole", wani wuri "ana iya", wani wuri kuma "za a". A shekarar 1995 Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta lura cewa kalmar ba kullum take ɗaure mutum ba. A 2007 aka sake rubuta ƙa'idojin shari'un da ba na laifi ba na kotunan tarayyar ƙasar, aka tsame ta, aka sa "must" a mafi yawan gurabenta. Abin dariya, a 2010 sai aka mayar da ita cikin ƙa'ida ta 56, saboda an ga canjin ya taɓa ma'ana.

Mu ma nan gida abin ya shafe mu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 cike yake da wannan kalma. Alal misali, sashe na 18 da ita ya yi amfani wajen ɗora wa gwamnati nauyin yaƙi da jahilci. Sai dai sashe na 6 ya hana kotu sauraron ƙara a kan babin da wannan magana take ciki, wato babi na biyu. Sai a 2004 aka yi dokar ilimin bai-ɗaya kyauta kuma dole, wadda ta ba wa maganar haƙora. Idan mai fassara ya rubuta "gwamnati za ta", ya mayar da nauyi ya zama alkawarin ɗan siyasa. Idan kuma ya rubuta "dole ne gwamnati ta" bai yi ƙarin bayani ba, ya sa talaka ya zaci yana da hujjar zuwa kotu da wannan sashe kaɗai.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, da kada mu yi gaggawa idan muka ci karo da ita. Hausa ba ta rasa kayan aiki ba: muna da dole, da tilas, da wajibi, da ya kamata, da za, kowace da nauyinta. Mu tsaya mu tambayi kanmu: wa ke magana, wa aka ɗora wa nauyin, kuma me zai biyo baya idan bai sauke ba? Amsar ita za ta zaɓa mana kalma. Gaskiyar fassara bashi ce da mai karatu ke bin mu. Allah Ya ba mu ikon biya, amin.