Hoto Goma Sha Biyu a Nadi Ɗaya: Kyamarorin da Suka Ɗauki Iyayenmu



Da wuya a shiga gidan dattijo a Dutsin-Ma ko Kurfi a rasa tsohon hoto fari da baƙi, ko a jikin bango, ko a cikin albam, ko a ƙasan adakar tsohuwa. Wani na ranar Sallah ne, wani na gama makaranta, wani na fasfon tafiya aikin Hajji. Mukan tambayi wane ne a jikin hoton, amma ba kasafai muke tambayar wa ya ɗauka ba, kuma da wace kyamara. Ga mai son rubuta tarihi ko labarin da ya faru a shekarun 1950 zuwa 1970, waɗannan tambayoyi biyu suna da amfani ƙwarai, domin irin kyamarar da mai hoto ya zaɓa ita ce ta yanke irin hoton da ya rage mana.

A wancan zamani zaɓi uku ne a gaban mai hoto. Akwai babbar kyamarar katako mai ƙafa uku, wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle, a ɗauki hoto ɗaya a kan faranti ɗaya. Akwai ƙarama mai fim na milimita 35, wadda nadi ɗaya ke ba da hoto 36. Sai kuma ta tsakiya, wadda ke cin fim mai lamba 120. Kamfanin Kodak na Amurka ne ya fito da wannan fim a 1901. Faɗinsa kimanin santimita 6 ne, an naɗe shi da takarda a bayansa don kare shi daga haske, saboda haka ana iya sa shi a kyamara ba tare da an shiga ɗakin duhu ba. Nadi ɗaya yana ba da hoto 12 idan girman hoton 6 da 6 ne, hoto 10 idan 6 da 7 ne, hoto 8 idan 6 da 9 ne.

Dalilin da ya sa masu shagon hoto suka rungumi ta tsakiya lissafi ne na kasuwa. Nagatif na 6 da 6 ya ninka na milimita 35 girma fiye da sau uku da rabi. Idan aka faɗaɗa shi, aikin wuyan babbar riga da zanen hula za su fito tsaf, ba dishi-dishi. Wanda ba shi da injin faɗaɗa hoto kuwa yana iya ɗora nagatif a kan takarda kai tsaye ya wanke, hoton ya fito daidai tafin hannu, ya sayar. Sannan hoto 12 ba ya daɗewa bai cika ba, mai hoto ba zai sa mutum jiran mako guda kafin nadi ya ƙare a wanke ba.

Sarauniyar wannan aji ita ce Rolleiflex, wadda kamfanin Franke da Heidecke na birnin Braunschweig a Jamus ya fitar a 1929. Ido biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya. Na sama na dubawa ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Mai hoto yakan rataye ta a wuya, ta tsaya masa a ƙirji ko ciki, ya sunkuya yana duban gilashin da ke samanta, inda dama ke komawa hagu. Wanda kuɗinsa bai kai ba sai ya sayi Yashica ta Japan, mai irin wannan ƙira. Yashica Mat ta fito a 1957. Daga Suwidin akwai Hasselblad, wadda ta fara fitowa a 1948, ana canza mata ido, ana kuma cire mazubin fim daga bayanta a sa wani. Irinta 'yan sama-jannatin Amurka suka ɗauka zuwa duniyar wata a 1969. A 1970 Mamiya ta fito da RB67, mai nauyin da ya haura kilo biyu, wadda sai an girke ta a kan ƙafa uku ake jin daɗinta.

Zaɓin ido ma yana da nasa hukunci. Ido mai milimita 75 ko 80 yana ganin abu kusan yadda idon mutum ke gani, shi ya sa ya dace da ɗaukar mutum a tsaye ko iyali a zaune. Mai milimita 150 ya fi kyau wajen ɗaukar fuska, don ba ya kumbura hanci. Sauran kayan aiki su ne filasha, ma'aunin haske, igiyar latsawa don kada kyamara ta girgiza, da labulen da ake shimfiɗawa a baya.

Maƙwabtanmu sun nuna abin da waɗannan kaya ke iya adanawa. Malick Sidibé na Bamako ya ɗauki samarin Mali da 'yan matansu a shagonsa da wuraren rawa bayan samun 'yancin kai, ya jera nagatif ɗinsa a kwalaye da kwanan wata. Ya samu kyautar Hasselblad a 2003, da Zakin Zinariya na Venice a 2007. A Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar daren birnin a shekarun 1960 da 1970. A nan Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara da ƙaramar Brownie a 1950, daga 1968 kuma ya shiga ɗaukar salon kitson mata har ya tara kusan hoto dubu. A Birnin Benin, Solomon Osagie Alonge ya buɗe shagonsa a 1942, ya yi wa fadar Oba Akenzua na Biyu aiki, yau nagatif ɗinsa suna ajiye a cibiyar Smithsonian da ke Amurka.

Labarin da ya fi kamata mu riƙe shi ne na Seydou Keïta, shi ma ɗan Bamako, wanda ya buɗe shago a 1948, yana aiki da babbar kyamara mai faranti. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York, aka rubuta a ƙasansu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da aka bi sawu har Bamako aka same shi a raye, da dubban nagatif ɗinsa a ajiye. Da ya zubar da su, da sunansa ya ɓace.

Wannan haɗari shi ne ke kan namu masu hoton. A shekarun 1980 injinan wanke hoto mai kala suka bazu a biranen Afirka ta Yamma, masu yawo da ƙananan kyamarori suka karɓe kasuwa. Faɗuwar darajar naira bayan tsarin SAP na 1986 ya ƙara wa fim da takarda tsada, tun da duk daga waje ake shigo da su. Daga baya dijital da wayar hannu suka ƙarasa sauran. Nagatif kuma ba ya shiri da zafi da laima da ƙura. Idan mai shago ya rasu, magada sukan ga kwalayen a matsayin tarkace.

To, me ya rage gare mu? Da farko mu iya karanta hoton da ke hannunmu. Mu auna shi. Idan murabba'i ne mai kimanin santimita 6 kowane gefe, alama ce ta an wanke shi kai tsaye daga fim 120. Amma mu yi hattara, domin Instamatic da Kodak ta fitar a 1963 ita ma murabba'in hoto take bayarwa, sai dai nata nagatif ƙarami ne, hoton bai kai wancan kaifi ba. Mu juya bayan hoton, sau da yawa akwai hatimin shago da sunan gari. Mu dubi labule da shimfiɗa, domin hotuna biyu daga gidaje daban-daban masu labule iri ɗaya suna nuna shago ɗaya ne. Idan kyamara ta ɗauko mutum kamar daga ƙasa-ƙasa, har ya yi kwarjini, mai yiwuwa daga ƙirji aka ɗauka.

Na biyu, mu yi tambaya tun masu amsa suna raye. Wa ke ɗaukar hawan Sallah a ƙofar gidan Yandakan Katsina a Dutsin-Ma, ko ta Maraɗin Katsina a Kurfi? A garin ake wanke fim ko sai an kai Katsina ko Kano? Nawa ake biya, da sulai ko da naira, wadda ta fara aiki a 1973? Mata suna zuwa shago ko gida ake bin su? Mu rubuta amsar da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Idan mun samu nagatif, kada mu taɓa fuskarsa da yatsa, mu riƙe gefe, mu sa kowanne a takardarsa a wuri mai sanyi da bushewa.

Na uku, masu ƙagaggen labari su kiyaye. Mai hoton 1965 da ke riƙe da Rolleiflex ba ya manna ta a ido, ƙasa yake duba. Ba ya ɗauka barkatai, domin bayan na goma sha biyu sai ya tsaya ya canza fim. Amaryar kuma ba za ta ga hotonta a ranar ba, sai an wanke. Mai karatun da ya rayu a lokacin zai gane wanda ya yi bincike.

A wannan mako kowa ya nemo tsohon hoto guda a gidansu, ya juya bayansa, ya rubuto mana shafi ɗaya a kan wanda ya ɗauke shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.