Bambanci tsakanin jerin ƙari da jerin ninki a lissafi

A ilimin lissafi, jeri shi ne lambobin da ke biye da juna bisa wata ƙa'ida. Iri biyu ne suka fi shahara, kuma su ne ɗalibai kan cakuɗa a jarrabawa.

Jerin ƙari

A nan adadi ɗaya ake ƙarawa a kowane mataki. Wanda ke jefa naira 500 a asusu duk mako zai ga kuɗinsa na tafiya 500, 1,000, 1,500, 2,000.

Jerin ninki

Shi kuwa wannan, ninka lambar ake yi da adadi ɗaya, kamar 3, 6, 12, 24. Yana kuma iya yin ƙasa, kamar 80, 40, 20, 10, inda ake raba kowace lamba biyu.

Yadda ake tantancewa

Da farko a ɗebe kowace lamba daga wadda ke bin ta. Idan amsar ba ta sauya ba, jerin ƙari ne.

Idan ta sauya, sai a raba kowace lamba da wadda ta gabace ta. Muddin amsa ɗaya ake samu, to jerin ninki ne.

Lambobi biyu ba su isa a yanke hukunci ba, domin bayan 2 da 4 ana iya samun 6 ko 8. Akwai kuma jerin da bai faɗa ko ɗaya ba, kamar 1, 4, 9, 16.

Muhimmancin bambancin

Da fari jerin biyu kan tafi kusa da juna, amma daga baya ninki kan yi wa ƙari fintinkau. Idan aka fara da 1 ana ƙara ɗaya, a mataki na 21 za a kai 21. Idan kuwa ninkawa biyu ake yi, za a kai 1,048,576.

A kan wannan ne masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Thomas Malthus, ya gina gargaɗinsa a shekarar 1798. Ya ce in ba abin da ya taka wa jama'a birki, yawansu ninkuwa yake yi duk shekara 25, alhali abinci ƙaruwa kawai yake yi.

Sai dai takin zamani da ingantaccen iri da raguwar haihuwa a ƙasashe da dama sun sa lamarin bai tafi yadda ya yi hasashe ba.